Tulun Iya Da Hasken Zaure

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Potiskum da Maiduguri ya san Wudil, ko da bai sauka ba, gama ba shi da mafita sai ya hau gadarta ya haye kogi. Tsakaninta da birnin Kano kilomita 40 ne da 'yan kai, wajen kudu maso gabas. Kogin da ta ke zaune a bakinsa shi ne wanda ruwan Kano da na Calawa su ke haɗuwa su zama, sa'an nan ya miƙa ya nufi Haɗeja. Ran Jumma'a kasuwarta ke ci, kasuwa kuwa ba ta wasa ba. Ga shanu a kara har ido ya gaji, ga kifi, ga hatsi, ga ƙore da tabarmi. Can gefe guda kuma ga masu tukwane, sun kasa kayansu suna korar ƙuda.

Cikin masu kasa tukwanen nan akwai wata tsohuwa, maginiya 'yar maginiya. Tun tana yarinya ta ke cuɗa yumɓu, har ga shi haƙora sun zube, amma hannu bai manta ba. Tana gina tulu da randa, da tukunyar tuwo da ta miya, da tanda ta suyar waina, da kaskon turare, da asusu na yara. A da ba a kai amarya ɗaki sai da aikin hannun irinsu. Amma zamani ya juya, roba ta zo, tukunyar ƙarfe ta zo, ba su da nauyi, ba su fashewa. Sau da yawa sai tsohuwa ta kai tulu goma kasuwa ta komo da takwas: ɗaya ta sayar, ɗaya ya fashe a hanya.

Mai ɗaukar mata kaya jikanta ne, saurayi wanda ya yi allo, ya gama sakandare, aiki bai samu ba. Yana kiranta Iya, ita kuwa tana kiransa mai gida, kamar dai yadda kaka da jika su ke wasa. Duk dukiyarsa a duniya wayar hannu ce guda, wadda gilashinta ya tsage a kusurwa.

Ran nan, cikin bazarar shekarar 2022, sai wata Hajiya mai sayar da kayan amare a birnin Kano ta biyo ta rumfarsu, ta sayi tulu ɗaya. Bayan kwana biyu ta bugo waya, ta ce ruwan tulun nan ya fi mata na firji, tun da shi ba ruwansa da ɗaukewar lantarki. Gaskiya kuwa ta faɗa. Jikin tulu yana da 'yan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta kwashe shi, ta tafi da zafin, na ciki ya yi sanyi. Hajiya ta ce in yaron zai ɗauki hoton kayan ya aiko mata ta WhatsApp, za ta nuna wa masu ciniki, wanda aka zaɓa a ɗora a mota.

Saurayi ya ga abin ba wuya. Da rana ta take, sai ya fito da tukwane tsakar gida, ya jibge su kan yashi, ya tsaya a kansu ya yi ta dannawa. Hoton da ya fito kuwa sai wanda ya gani. Ga akuya a baya, ga igiyar shanya da zanen Iya, ga ƙafarsa da silifa a gaba, tulun kansa ya zama wani dunƙule ba wuya ba ciki. Hajiya ta aiko da amsa, ta ce, “Ɗana, wannan tulu ne ko shurin gara?”

To, ɗan Adam ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. Saurayi ya ce wayar ce ba ta da kyau. Ya tashi ya nufi zauren wani dattijo na unguwarsu, tsohon malamin makaranta, don ya roƙa a ara masa wayar ɗansa mai tsada. Dattijon nan a Zariya ya koyi zane, inda aka mai da makarantar koyon zane a 1955, wadda daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Ya yi shekaru yana koya wa yara riƙe fensir, kuma mutanen unguwa suna ganin karatun nasa ba shi da wani amfani sai rubuta allon kanti.

Saurayi ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi bukatarsa, ya nuna hoton. Malam ya duba, ya yi murmushi, ya ce, “Samari, ko wayar Gwamna aka ba ka, shurin nan za ka sake ɗaukowa. Je ka zo da tulun.”

Kafin ya komo Malam ya shiga gida ya fito da wani tsohon littafi, bango ya saɓule, gara ta ɗanɗana gefe. Littafin zane-zanen mutanen Turai ne na da, waɗanda su ka yi da fenti da burushi tun ba a san na'urar ɗaukar hoto ba. Da ya buɗe, saurayi ya ga fuskokin mutane, sai ya ɗan ja da baya, ya ce, “Allah ya gafarta Malam, a makarantar allo an gaya mana sūrar mai rai ba kyau.”

Malam ya ce, “Ba su yi maka ƙarya ba, ko da ya ke game da hoton na'ura malamai sun yi saɓani. Amma abin da ya kawo ka ba ya cikin rigimar.” Ya tuna masa labarin da Buhari da Muslim su ka ruwaito, na mutumin da ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya ce da yin sura ya ke cin abinci, aka tsoratar da shi, sa'an nan aka nuna masa in ba makawa ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Ya ce Turawa ma sun ware wa irin wannan zane suna nasa. Mutanen Holan, waɗanda su ka fi kowa yinsa wajen shekaru 400 da su ka wuce, suna kiransa da sunan da ke nufin rayuwar da ta tsaya cik, Faransawa kuwa su ce matacciyar halitta. Tulu, da kwano, da kifi a faranti, da 'ya'yan itace a kwando, su ke nan.

Sai ya buɗe wani shafi, ya sa tafin hannunsa ya rufe fuskokin mutanen da ke ciki, ya bar abu guda a fili. Saurayi ya duba, sai ga tulu! Babban tulu na ƙasa, kamar a miƙa hannu a taɓa. Ana ganin layin da hannun magini ya bari a jikinsa, ga kuma ɗigon ruwa ya gangaro ya tsaya. Malam ya ce mai zanen sunansa Velazquez, suna mai nauyi a harshe, mutumin Ishbiliya ta ƙasar Andalus, wadda yanzu ke cikin Sifaniya. An haife shi a 1599, ya yi zanen nan wajen 1620, watau bai fi sa'an saurayin ba. Wani tsoho mai sayar da ruwa ya zana, ɗan garuwan garinsu ke nan, kuma zanen yana Landan.

Malam ya ce, “Daga ina haske ya fito?”

Saurayi ya ce, “Daga rana mana, Malam.”

“Ban tambaye ka wanda ya aiko shi ba. Ta wace ƙofa ya shigo?”

Yaro ya yi shiru, ya ƙura ido. Can ya ga ashe gefen hagu na tulun ya fi haske, hasken yana raguwa sannu sannu bisa cikin tulun, har ya nutse cikin duhu a dama. Malam ya ce to, asirin ke nan duka. Takarda shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da tudu ba ta da kwari. Abin da ke gaya wa ido cewa tulu yana da ciki shi ne tafiyar nan daga haske zuwa inuwa. In rana tana tsaka, haske ya zubo daga bisa, sai kafaɗar tulu ta yi fari fat, gindinsa ya yi baƙi ƙirin, tsakani ba kome. In kuwa ka kunna fitilar waya, ka fi ɓata aiki, gama hasken ya fito daga inda ido ya ke, ya kori inuwa ta koma bayan tulu inda ba mai ganinta.

Zauren Malam ƙofa biyu gare shi, kamar kowane zaure. Ya sa aka saki asabari a ta cikin gida, aka bar ta waje. Aka ajiye tulu bisa wani benci, taki biyu daga bakin ƙofa, yadda haske zai buge shi daga gefe. Saurayi ya zaro waya. Malam ya ce, “Mai da ta aljihu. Kwana uku za ka zo, da hantsi da la'asar, ka zauna ka dubi tulun nan. Kada ka ɗauki kome.”

Mai karatu zai ce wannan wasa da hankali ne, saurayin ma haka ya ce a ransa. Mutum yana neman abin sawa a baka, a ce ya zauna kallon tulu! Amma ya daure, don kunyar Malam. Ran farko bai ga kome ba sai tulu. Rana ta biyu ya lura tulun hantsi ba shi ne na la'asar ba. Da hantsi rana tana faɗowa cikin zauren kai tsaye, inuwa ta yi kaifi kamar an yanka da wuƙa. Da la'asar kuwa ta koma bayan gida, abin da ke shigowa hasken sarari ne kawai, mai taushi, sai ya lulluɓe tulun kamar mayafi. Ran na uku ya ga abin da bai taɓa gani ba, shi da ya shekara goma yana ɗaukar tukwanen nan a ka: a ƙarƙashin wuyan kowane tulu akwai ɗan lotsawa inda babban yatsan Iya ya ke dannawa sa'ad da ta ke haɗa wuya da kafaɗa. Hasken gefe ne kaɗai ke tona shi.

Daga nan karatu ya yi sauri. Malam ya kwance rawaninsa, ya sa yaro ya riƙe shi a gefen da ke duhu, kusa da tulu. Nan da nan inuwa ta yi sauƙi, gama farin ƙyalle yana mai da haske inda ya fito. In ya matso da shi inuwa ta ragu, in ya janye ta ƙaru, sai ka ce da linzami ya ke jan ta. Bayan tulu kuwa aka rataya wani baƙin zane irin na rinin Kura, don kada ido ya sami wurin yawo.

Da aka zo ga jera kaya da yawa, saurayi ya so ya tara duk abin da Iya ta gina cikin hoto ɗaya, har da ludayi da faifai don ado. Malam ya buɗe masa zanen wani Zurbaran, wanda shi ma a Ishbiliya ya yi yawancin aikinsa, ya rasu a 1664. Zanen yana Madrid. Mazubai huɗu ne jere bisa katako, uku na ƙasa ɗaya na ƙarfe, bayansu duhu, haske daga hagu, kowanne da wurinsa, ba mai hawa kan wani. Sun zauna kamar dattawa a fada. Malam ya ce, “Abin da ba za ka sayar ba, me ya kawo shi cikin hoto? Cire.” Yaro ya yi ta cirewa, har ya rage tulu ɗaya, da kasko, da ɗan asusu: babba, da matsakaici, da ƙarami.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da kafaɗar tulu, maimakon ya tsaya a kansa kamar mai duban rijiya. Ya ja da baya kaɗan, gama in waya ta matso ƙwarai sai ta kumbura abin da ke kusa da ita. Ya kifa turmi ya jingina wayar a kai, don a wuri mai ƙarancin haske na'ura ta kan daɗe ido buɗe, ko ɗan rawar hannu sai ya ɓata hoto. Ya kuma goge idon wayar da bakin riga, abin da bai taɓa yi ba tun da ya saye ta.

Wata rana ya tambayi Malam yadda aka yi mutanen da ba su taɓa ganin waya ba su ka zama malaman mai waya. Malam ya ce ai haske bai sake hali ba. Tun wajen shekaru 1,000 da su ka wuce wani malami Musulmi, Ibnul Haisam, haifaffen Basra mazaunin Alƙahira, ya bayyana yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta 'yar ƙaramar kafa, ya zana abin da ke waje a bango, kai a ƙasa. Na'urar hoto ɗakin nan ne aka ƙanƙanta. Kuma Daguerre, Bafaranshen da aka yi shelar dabararsa ta kama hoto a birnin Faris a 1839, shi kansa mai zane ne. Cikin hotunansa na fari akwai wanda ya ɗauka a 1837, na tarkacen da ya jera a kusurwar ɗakin aikinsa kusa da taga, gama a lokacin sai na'ura ta yi mintoci masu yawa tana kallo, ba mai iya zama cik haka sai abin da ba shi da rai.

Da sababbin hotuna su ka isa Kano, Hajiya ba ta yi dogon zance ba, kuɗin tulu goma sha biyu ta aiko. Saurayi ya kai wa Iya wayar ta gani. Ta riƙe ta nesa da ido, ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta sa yatsa a kan lotsawar nan ta wuya, ta ce, “Mai gida, wannan ai hannun uwata ne. Haka ta ke dannawa.” Ran nan an ci tuwo da miyar kifi a gidan.

Da labari ya tsaya nan da ya yi daɗi. Amma wanda ya san inda haske ke faɗa ya san kuma inda ba ya kai, ilmi ɗaya ne mai baki biyu. Bayan kamar wata uku Hajiya ta nemi randa shida na wani biki, ta ce a aiko da hoton kowace. Iya ta gasa bakwai, ɗaya ta fashe a wuta. Ta bi sauran tana ƙwanƙwasawa da yatsa, kamar yadda magina ke yi. Biyar su ka amsa da ƙara mai zaƙi, ta shida ta ce ƙwab. Tsaga ce siririya kamar gashi, daga kafaɗa zuwa ciki. Iya ta ture ta gefe, ta ce wannan ta zuba gero ce.

Saurayi ya yi lissafi, ya ga kuɗin randa guda ba abin yarwa ba ne, ga shi ba lokacin sake gini. Da la'asar ya ɗauke ta ya kai zaure, Malam yana masallaci. Ya juya tsagar ta koma gefen inuwa, farin ƙyalle kuwa bai ɗaga shi ba. Hoton ya fito, wallahi ya fi na sauran biyar kyau. Ya shafa ɗan jan ƙasa a kan tsagar, aka ɗora shida a mota, Iya ba ta sani ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Daren da aka kai amarya aka cika randa da ruwa, kafin asuba ya bi ƙasa ya jiƙe sabuwar darduma da buhun shinkafar gara. Hajiya ta sha kunya wurin iyayen amarya. Ta komo da randar a motar haya, kuɗin mota a wuyansu, ta aiko da saƙon murya wanda saurayi bai iya saurara har ƙarshe ba. Abin da ya fi ƙona shi cikin maganarta shi ne da ta ce ba shi ta zarga ba, tsohuwar ta zarga, wadda ta san aiki.

Iya ba ta yi faɗa ba. Ta dubi randar, ta dube shi, ta kira shi da sunansa na yanka, abin da ba ta taɓa yi ba tun ran suna, ta ce ya shigar da ita ciki. Shekara sittin tana sayar da tukwane ba wanda ya taɓa komo mata da ɗaya.

Ya yi mako guda yana kewaye zauren Malam ta wata hanya. Da dai ya ga ba inda za shi, sai ya je ya durƙusa ya faɗi kome. Malam ya saurara, ya jawo littafin nan, ya buɗe wani shafi wanda bai taɓa nuna masa ba. Kwando ne cike da 'ya'yan itace, inabi da ɓaure da tuffa, wanda wani mutumin Italiya, Caravaggio, ya zana wajen 1600, zanen kuwa yana birnin Milan. Ya ce, “Dubi tuffar nan da kyau.” Yaro ya duba, sai ga hudar tsutsa a jikinta, a gaba sosai, inda haske ya fi yawa. Ganyayen ma waɗansu sun yanƙwane, waɗansu ƙwari sun ci.

Malam ya ce, “Mutumin nan ba waliyyi ba ne. Mafaɗaci ne, har ya yi kisan kai a birnin Rum a 1606, ya gudu. Fenti yana hannunsa, da ya so da ɗigo ɗaya ya toshe hudar nan, ba mai sani. Bai toshe ba. Kai kuwa ka yi sallar la'asar ran nan ko?”

Saurayi ya sunkuyar da kai, ya ce ya yi.

Tun daga ran nan kowane tulu hoto biyu ya ke yi masa: ya ɗauka, ya juya bayansa gaba, ya sake ɗauka, farin ƙyalle a ɗage. In wuta ta bar baƙin tabo a jiki, tabon ya ke fuskantar da ƙofa. Ya kuma ƙaro wata dabara wadda ba ta cikin littafin Malam, watau ya sa Iya ta ƙwanƙwasa tulu ya ɗauki ƙarar ya aika tare da hoton.

Hajiya ta yi wata biyu ba ta amsa sallamarsa ba. A na uku ta aiko a kawo kaskon turare huɗu, abin da ko ya tsage ba ya jiƙa ɗakin kowa, ta ce randa tukuna. Waɗansu masu ciniki biyu sun samu daga baya, ɗaya a Kano ɗaya a Dutse. Ba arziki aka yi ba, amma Iya ta daina zancen barin gini.

Randar nan mai tsaga tana nan a zaurensu, cike da gero, taki biyu daga bakin ƙofa, tsagar tana duban waje. Da ita ya ke gwada haske kowace la'asar kafin ya jera kayan sayarwa. Ran wata Alhamis yana tsugune gabanta, waya bisa turmi, sai Iya ta leƙo daga cikin gida da yumɓu a hannu, ta tsaya tana kallonsa. Can ta ce, “Mai gida, in ka gama gaisawa da kishiyar tawa, zo ka ɗaure kayan kasuwa. Gobe Jumma'a.”